Muryar da Waya Ta Zubar

Duk shekara Farfesa yakan buɗe darasin da tambaya guda. Ya jingina da allo, ya dubi ɗaliban injiniya.

"In mutum biyu na waya, rabin lokacin me kowannensu yake yi?"

"Ƙarya, Malam!" wani ya ce daga baya.

"Kanka ka sani. Shiru yake yi, yana sauraro. To don me za mu cika iska da shiru?"

Aikin rayuwarsa ke nan: koya wa na'ura ta raba magana da abin da ba magana ba. Numfashi, ƙugin fanka, motsin kujera. Sautin da ya kai ƙarfi a tura shi, wanda bai kai ba a zubar, hanya ta samu ga wasu masu kira. Da wannan ya zama farfesa, da shi ya yi furfura.

Ana tsakiyar jarrabawa yayansa ya kwanta asibiti a wani gari. Farfesa ya ce yana gama duba takardu zai taho.

Ran nan da hantsi yana ɗakin gwaji, ɗalibai sun kewaye wata eriya da ta ƙi aiki, sai ga kiran 'yar yayan nasa.

"Baffa, Baba na son magana da kai. Ga shi."

Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Babu komai. Ko shuu babu.

"Yaya? Yaya, kana ji na?"

Ya duba fuskar wayar, kiran bai yanke ba. Ya koma bakin taga, ya sake gwadawa. Ɗaliban na jiransa.

"Sabis ɗin asibitin nan sai a hankali. Yaya, in kana ji, zan kira anjima."

Ya kashe.

Kafin yamma yayan ya cika.

Washegari, bayan an dawo daga maƙabarta, yarinyar ta same shi zaune a barandar gidan, takalmansa duk ƙasa. Ta durƙusa gefensa.

"Baffa, me Baba ya ce maka? Tun jiya nake son tambaya."

"Bai ce komai ba. Layin ne."

"A'a, ya yi magana. Muryar ce ta tafi, sai ka kai kunne bakinsa. Na jingina masa wayar a matashi na fita, don na ba ku wuri. Ta gilashin ƙofa ina ganin bakinsa na motsi. Ya daɗe, Baffa. Har murmushi ya yi."

Farfesa ya cire tabarau, ya riƙe a hannu.

"Ku da kuka san kan waya," ta ce, "ba wani wuri da ake ajiye maganar? Ko a kamfanin? Ni ma ina son na ji."

Ya dubi takalmansa.

"Babu, 'yata. Wayar ta ɗauka numfashi ne, ba ta tura ba. Maganar ko ɗakin ba ta bari ba."