Inda Mma Awabu Ta Zauna

Yayana Wahabu aikin kai saƙo yake yi a kan babur. Kullum yana ratsa tsakanin motocin London da ambulan a jakar baya, har ya fara ganin titi ya yi masa kaɗan. A bazarar da ta biyo bayan guguwar nan da ta tumɓuke itatuwa, ya sayi babur mafi girma a shagon, baƙi, mai nauyin saniya. Ya ce zai shiga tseren sababbin shiga a wani fili da ke Kent.

Mu mutanen zangon Kumasi ba ma barin sabon abin hawa tsirara, kowa sai ya sa hannunsa. Kawu Sumani ya ƙara madubai a kan na asali. Malam Bukar, maƙwabcinmu mai aikin rediyo, ya kawo ham irin na babbar mota. Mma Awabu kuwa, ƙanwar mahaifiyarmu da muke zaune a flat ɗinta a Tottenham, har Kumasi ta aika aka ɗinko rigar sirdi ta jar fata mai tuntaye. Ita ta riƙe mu tun muna ƙanana, kuma a gidanta ba a mayar da kyauta. Akwai wanda ya taɓa cewa rigar da ta ba shi ta yi masa yawa. Yana Catford yanzu, ba ta amsa gaisuwarsa.

Ranar tseren muka cika ƙaramar bas, da kulolin shinkafa da wake.

Baburan da muka tarar a filin sun ba mu tausayi. Ƙanana ne, sirara, duk ƙwarzane, an liƙe fitilunsu da salatif. In an tayar da su sai kuka kamar sauro da shuɗin hayaƙi.

“Waɗannan ba su da dangi ne?” in ji Mma Awabu. “Wahabu, ka bi su a hankali, kar ka kunyata 'ya'yan mutane.”

Kafin a shiga fili sai an duba kowane babur. Mai dubawar, wani dattijon Bature, ya zagaya na Wahabu, ya daɗe yana kallon tuntayen.

“Madubai a cire. Ham a cire. Wannan kuma mene ne?”

“Rigar sirdi ce.”

“A cire. In igiyar nan ta shiga sarƙa, kai da na bayanka sai asibiti.”

Wani mai jan gashi yana tsugune kusa, yana ɗaure ƙusoshin ɗan babur ɗinsa da waya. Wahabu ya tambaye shi me ya sa dukansu suke hawa irin wannan.

“Miƙaƙƙiyar hanya ɗaya ce a filin nan, sauran duk kwana ne,” in ji shi. “Wannan in na kwantar da shi ya kwanta, in na ɗago shi ya taso. Naka sai ka roƙe shi. Kuma in na faɗi da shi ba na kuka.”

Wahabu ya ari sifana ya fara kwancewa, masu kyautar na tsaye a kansa. Kawu Sumani ya karɓi madubansa ya rungume.

“To da me za ka ga na bayanka?”

“Ba a duba baya a nan, Kawu.”

Da ya kai hannu kan rigar sirdin sai ya tsaya. “Mma, na riga na yi booking, in ban cire ba za a yi cancel.”

“Cire mana,” ta ce. “Ni wa, da zan hana Bature aikinsa. Ka gama gudunka, sai mu yi maganar ɗakin da kake kwana.”

Ya cire. Ta ninke ta a cinya, ba ta sake dubansa ba.

Kujerun 'yan kallo suna gaban miƙaƙƙiyar hanyar, nan muka zauna. Ba ma ganin sauran filin saboda tudu da itatuwa. Da aka saki tseren, sai ga baƙin babur yana ruri ya wuce ƙananan nan kamar suna tsaye. Suka ɓace bayan tudu. Da suka sake ɓullowa, Wahabu na can baya, kafin ƙarshen hanyar ya sake wuce su.

“Mai jan gashin nan ne kuma,” in ji Kawu Sumani. “Wato har Wahabu ya zagayo ya sake cim masa.”

“Haka ake kira lapping,” in ji Malam Bukar, ya gyara murya ya fara ba da labarin tseren kamar yana gaban makirfo.

Can sai na ji Mma Awabu ta ce a hankali, “Tun yana yaro ba ya son bin bayan kowa.” Ta aike ni in ɗauko kula daga bas, wai zai dawo da yunwa.

Hanyar bas ɗin ta bi ta gefen wata kwana. A nan na ga yayana. Tun daga nesa yake taka birki, babur ɗin ya miƙe ƙyam ya ƙi kwanciya, yana jan shi can bakin ciyawa. Ƙananan suka bi ta cikin kwanar suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyinsu na shafar kwalta. Har wani mai furfura ya ɗaga masa hannu. Wahabu ya ɗago kai, muka haɗa ido.

Shi ne na ƙarshe da aka kaɗa wa tuta. Kafin in iso da kular, Kawu Sumani ya riga ya bayyana wa kowa cewa ai tuni Wahabu ya gama tseren, zagayen huce gajiya yake yi. Lasifika na ta faɗar sunaye, amma muryar Malam Bukar ta danne ta.

Wahabu ya zo jiƙe da gumi, ya durƙusa gaban Mma Awabu. Ta shafa kansa, ta ce a zuba masa da nama mai yawa. Maganar ɗaki ba ta sake tasowa ba.

Ya ci loma kaɗan, sannan ya ce, “Mma, zan sayar da shi. Ƙarami zan saya, irin nasu.”

“Irin na waɗanda ka wuni kana wucewa?” Ta dube shi da mamaki. “Ba kana cikin flat ɗina ba. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.”

Ya waigo gare ni. Na sunkuyar da kai ina goge murfin kula.

“Sumani,” in ji Mma Awabu, “wata mai zuwa ka yi booking ɗin babbar bas. Kuma ka ce musu waɗannan kujerun muke so.”