Gonata Ta Tafi Maraɗi

Tun da aka fara raɗe-raɗin sabuwar konsol ɗin hannu, na'urar wasan gem, nake cin buri a kanta. Ina son batirin da zai kai ni Paris daga Lyon bai mutu ba. Amma babban burina in ga gonata a faffaɗan gilashi, gonar cikin wasa da na yi shekara da shekaru ina nomawa a tiram, jirgin cikin gari, tsakanin gida da asibitin da nake aiki.

Ranar da na karɓo ta, mai kanti ya ce sai na ajiye tsohuwar kusa da sabuwar kafin gonar ta ƙaura. Tsohuwar kuwa na baro ta gidan Gwaggo Zenaba a unguwar Château Rouge ta Paris. Na hau jirgin ƙasa.

"Wannan abar?" in ji Gwaggo tana tsinke zogale. "Na ba Alhaji Idi ya kai wa ƙanwarki Rahma tsaraba Maraɗi. Wanda ya ɗinka sabo, ai tsoho na ƙannensa ne."

Kayana, kuma ko a tambaye ni.

"Gwaggo, ba zane ba ne. Shanuna suna ciki."

"Shanu a Faransa? Allah ya shirye ki."

Nan take ta kira Maraɗi, ta manna mini waya a kunne. Rahma sai godiya take. Wai ta share komai tas, ta fara da sunanta.

Gwaggo ta tsare ni da ido tana jira.

Na cije haƙora na ce, "Ba komai."