Farin Garin Ganye

A gida Likita ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa yi wa kowa allura ba sai ɓeraye. Aikinta a ɗakin gwaje-gwaje shi ne ta shanya ganye, ta niƙa, ta jiƙa, ta tace, har ta ware sinadaran da ke ciki. Yayanta kan tsokane ta wai digirin dakan kayan miya ta yi.

A shekarar da aka gano ciwon daji a cikin Umma, a ita ce ta ware wani farin gari daga ganyen wata bishiya mai ɗaci. In ta zuba shi a farantin da suke rainon ƙwayoyin cutar, sai su motse su mutu. Murna ta sa ta yi suɓul da baka a gaban Yaya.

Ya ce, "To me kike jira? Ga Umma nan kwance."

"Yaya, faranti daban, mutum daban. Ɓerayen da muka ba, ƙullutun ciwon ya ragu, amma ƙodarsu ta lalace. Ba mu gano yadda za mu raba maganin da gubar ba tukuna."

"Wato uwarki ta jira ɓeraye su gama?"

Ta manta cewa shi ya taɓa kai ta ɗiban ganyen a motarsa.

Wata ranar hutu ta tarar da Umma zaune a bakin gado tana taje kanta, matar da ko juyi sai an taya ta.

Umma ta ce, "Shigo, 'yar nan. Ciwon ya lafa, har abinci na ci. Allah ya yi miki albarka, maganinki ya karɓe ni."

'Yar kuwa ba ta kawo mata wani magani ba. A ƙarƙashin gadon ta hango jarka cike da baƙin ruwan dafaffen ganyen nan, warin ɗacinsa ya cika ɗakin. Ta dubi ƙafafun Umma, sun kumbura suntum.

"Umma, yaushe rabonki da fitsari?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Ke dai ba ki da kunya."

A asibiti suka ce ƙodar ta riga ta tsaya, jikin kuma ba zai ɗauki wankin ƙoda ba. Umma ba ta kai ƙarshen watan ba. Har ta cika tana sa wa 'yarta albarka, babu wanda ya iya gaya mata gaskiya.

Bayan an watse daga zaman makoki, Yaya ya sami ƙanwar tasa a ƙofar wurin aiki. Ya rame, rigarsa tana yawo a jikinsa. Ya daɗe yana murza makullin mota kafin ya yi magana.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ni na kashe ta?"

Ta san amsar har cikin alƙaluman jinin Umma. Ta kuma san ciwon ma ba zai bar ta ta ga baɗi ba.

Ta ce, "Kwananta ne ya ƙare, Yaya."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Mai gadi ya leƙo ya ce motar ta tare hanya. Yaya ya je ya gyara ta, bai kuwa dawo ba.