Gemun Usta Sabri

Shekara talatin da ɗaya Usta Sabri, babban maƙeri, yana wanke hannu a gangar bakin ƙofa kafin ya tashi daga aiki, bai taɓa jin haushi ba. Haka ake yi a maƙerar zinariya a Alƙahira: ƙurar zinariya ta maƙale a fata, ta kwanta a gindin ruwa, mai shago ya tace abinsa. Wannan ƙa'ida ce, ba zargi ba.

Zargi ya zo ne da Nagi, ɗan marigayi mai shagon, wanda ya gaji kujera amma bai gaji kunya ba. Wai zinariya tana raguwa. Ya kafa kyamara, ya sa aka ɗinke aljihunan ma'aikata, suka haɗiye fushinsu. Ran Alhamis sai ga shi da faranti da mataji.

"Kawu Sabri, a taje gemun nan a kan faranti. Kowa ma za a yi masa."

"Kowa? Duk shagon nan wa ke da gemu in ba ni ba?"

"Ni fa ban ce ka ɗauki komai ba."

"Bakinka bai faɗa ba, farantinka ya faɗa. Yaro, gemun nan ka riƙa ja kana dalalar da yawu!"

Gudumomi suka tsaya, kowa ya zuba ido. Ran Sabri ya ɓaci ƙwarai. Ya san in ya sunkuya wa farantin nan sau ɗaya, har ya mutu sunansa ɓarawon da ba a kama ba.

Ya jawo almakashi, ya damƙi gemun, ya datse shi tun daga haɓa. Ya cusa shi cikin tukunyar narka zinariya, ya sakar masa wuta. Ƙauri ya cika shagon. Ya juye tokar a farantin, ya tura gaban Nagi.

"Tace. Abin da ka samu, ka yi wa matarka ɗan kunne."

Kuma don rashin ta ido, sai da Nagi ya sa yatsa ya tona. Toka ce zalla.

"Haba Kawu, abin bai kai nan ba. Zauna, ai gemu zai sake fitowa."

Sabri ya tuɓe rigar aiki, ya ajiye masa a kan tebur.

"Zai fito," in ji shi. "Amma ba a shagon nan ba."