Wankan Dakta

"Bayana ne ya riƙe, 'yar nan," in ji Gwaggo mai wankan gawa daga cikin ɗaki, ko labule ba ta ɗaga ba. "Tun jiya ba na iya sunkuyawa."

Mai Kitso ta tsaya a bakin ƙofa, mayafinta a karkace, idanunta sun kumbura. "Gwaggo, ɗazu fa da idona na gan ki kina shara a ƙofar gida."

Tsohuwar ta yi gyaran murya. "Ina da jikoki. Baiwar Allahn nan kowa ya ga yadda ta ƙare, sai ƙashi da fata. Wanda kullum hannunsa yana cikin jinin irin waɗancan mutanen, ai ba a rasa ba. Ku kira 'yan asibiti su zo da kayansu."

Da ba don furfurar matar ba, da Mai Kitso ta faɗi abin da za a daɗe ana maimaitawa a layin. Ta juya ta fita, takalminta yana dukan ƙasa kamar ƙasar ce ta yi mata laifi.

Katanga ɗaya ta raba gidanta da na Dakta, marigayiyar. Matar ta tare a layin da daɗewa, ita kaɗai, da tsohuwar mota da kwalaye cike da littattafai. Ba likitar ciwon kai da zazzaɓi ba ce. Aikinta bin sawun cuta, yadda take tashi daga wannan ta faɗa wa wancan, musamman cututtukan da ake ɗauka a shimfiɗa, waɗanda baki ke nauyin ambata. Ita kuwa tana ambatarsu a rediyo, tunjere da ciwon sanyi da ƙanjamau, kamar mai karanta hasashen yanayi. Daga nan layin ya ɗauke mata gaisuwa mai daɗi. Mace ba miji, tana irin wannan magana, ai sai dai a yi mata kallon gefen ido.

A lokacin Mai Kitso ta binne jarirai har ta daina sayen kayan jego. Ciki ya kai wata tara lafiya, a haifi ɗa babu rai. An ce iska ce, an ce hannun maƙiya ne, ta sha saiwa har harshenta ya yi baƙi. Wata rana Dakta ta shigo kitso, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta kamar kowa, ta saurari labarin har ƙarshe.

"Maƙwabciya, an taɓa gwada jininki a wajen awo?"

"Awon ciki kawai suke yi, Yaya."

"To zo mu duba. Ki zo da maigidan."

Tunjere ce. Allura ce maganinta, ita da mijinta mai walda. Shekara na zagayowa ta haifi 'yarta, mai ƙarar murya, wadda yanzu ita ma take goyon tata a gidan miji.

Dakta ba ta tsaya nan ba. Ta ce in har akwai ɗaya, akwai ɗari. Aka fasa ƙaramar ƙofa a katangar nan, mace ta shigo shagon kitso da kanta a tsefe, ta ɓulle ta baya ta ga Dakta, ta dawo a ƙarasa mata kitso ta fita, babu wanda ya sani. Daga wannan ƙofa binciken ya faro, ya bazu unguwa-unguwa, har ta kai hujjarta gaban manya ta yi ta buga musu tebur. Yau duk mai cikin da ta je awo sai an gwada jininta, kuma 'yan matan da ke miƙa hannu a soka musu allura ba su san daga ina abin ya samo asali ba.

Sai ciwon daji ya kama Dakta a ciki. Ta zube cikin 'yan watanni, zoben hannunta ya riƙa sulluɓewa. Layin ya ga rama, ya yanke hukunci.

"Yaya, ki bar ni in fita in faɗa musu," Mai Kitso ta ce mata a makon jiya, tana gyara mata matashi. "Ko takardar asibitin in manna a ƙofa. Ƙanjamau fa suke cewa!"

Dakta ta yi 'yar dariyar da ta ƙare da tari. "In na fito ina rantsuwa ba shi ba ne, me na faɗa wa masu shi? Na ce musu abin kunya ne ke nan. Ki bar su."

"Ni dai raina ba zai ɗauka ba."

"Ranki kullum a kusa yake, shi ya sa kitsonki ke da zafi." Ta kama wuyan hannunta da yatsu masu sanyi. "Abu ɗaya nake roƙonki. Duk wadda ta bi ta ƙofar nan, sunanta ya mutu a bakinki. Ko me suka yi."

Da hantsin yau Dakta ta cika, kanta a cinyar Mai Kitso.

Yanzu ga tsakar gidan cike da mata. Sun jeru a kan tabarmi can nesa da ƙofar ɗakin, wasu sun ja mayafi sun rufe hanci. Ruwan da aka kawo a kofuna yana nan yadda aka ajiye shi, ƙuda na yawo a baki. A waje maza sun zauna a inuwar katanga, an riga an tafi haƙa kabari. Ƙanin Dakta, wanda ya iso daga nesa da jakarsa a kafaɗa, ya tare Mai Kitso a zaure.

"Ina mai wankan?"

"Ba za ta zo ba."

Ya share gumi. "Ga mutanen jami'ar da ta yi wa aiki can sun zo da motoci. Shugabansu yana tambaya ko za a ba shi dama ya ce wani abu, wai ƙasa ta yi rashi."

"Ƙasa!" Mai Kitso ta leƙa ta hango su, manyan riguna, kowa da waya a hannu. "Wata nawa tana kwance, wanne ne a cikinsu ya san kalar zanen gadonta? Ka ce masa ya adana jawabinsa, ba jawabi muka rasa ba."

Ta shiga tsakar gida ta tsaya. "Jama'a, rana na yi. Ina neman mutum biyu su taya ni."

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wata ta ce tana shayarwa. Wata ta ce zuciyarta ba ta jure ganin gawa. Sai matar direba, mai faɗin kafaɗa da zoben gwal a hanci, ta gyara zama ta ce, "Ke ma dai ki yi hattara. Mun zo ne don haƙƙin maƙwabtaka, amma gaskiya a faɗe ta. Wanda ya mai da ƙazanta sana'a, ai ba za a yi mamaki ba. Allah dai Ya yafe mata."

"Amin," wasu suka amsa ƙasa-ƙasa.

Mai Kitso ta juyo. Ta dubi matar direba. Ta tuna ranar da wannan matar ta shigo shago tana rawar jiki, ta durƙusa tana kuka a bakin ƙaramar ƙofar. Ta dubi ta kusa da ita, da ta bayanta. Fuska bayan fuska, ta san ranar kowacce, ta san abin da ya kawo ta. Sunayen suka taru a kan harshenta suna neman hanya. Matar direba ta ga kallon, launin fuskarta ya sauya.

Mai Kitso ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

"Ƙazanta," ta ce. "To ga ƙazantar a tsaye gabanku. Ni ce! Ni ce ta farko da ta gwada a layin nan. Tunjere aka samu a jinina, ita ta cinye mini 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya kuna zuwa kuna ce mini sai haƙuri. Matar nan da kuke toshe wa hanci ita ta riƙe hannuna aka yi mini allura. 'Yata da kuka yi wa guɗa ranar aurenta, bayan ikon Allah, aikin wannan matar ce. Shekara da shekaru hannun nan yana cikin gashinku, wa ya mutu? Ciwon daji ne ya kashe ta. Kuma ko da abin da kuke faɗa ne, sai me? Sai a bar ta ta ruɓe a ɗaki?"

Hirar maza a bayan katanga ta ɗauke ɗif. Ta san mijinta yana cikinsu. Ta san kowa a can ya iya lissafin inda mace mai zaman aure ke samo irin wannan ciwo. Abin da suka rufe tsakaninsu tun suna da ƙuruciya, ga shi ta shanya shi a rana. Duk da haka ba ta janye ko kalma ba.

Ta naɗe hannun riga, ta ɗauki bokiti ta shige ɗakin.

Sai da ta tsaya a kan gawar ta gane ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta taɓa gani, ba ta taɓa yi ba. Ta durƙusa, hawayen takaici na zuba. "Kin gani ko, Yaya? Kin ga mutanen da kika hana ni tonawa?"

Labule ya motsa. Matar mahauci ce, wata siririya da ba a cika jin muryarta ba, ɗauke da buta da sabulu. Ta cire awarwaronta ta ajiye a kan tebur. Ita ba ta taɓa bi ta ƙaramar ƙofar ba.

Daga tagar baya wata murya ta ce, "Ku fara rufe ta da zane tukuna. Dama ake farawa." Gwaggo ce, ta zagayo ta lungu, ta tsaya a waje, hannunta a kan ƙarfen taga. Ba ta shigo ba har aka gama. Mai Kitso ba ta dube ta ba, ba ta kuma gode mata ba, amma duk abin da ta ce ta yi.

Da aka fito da makara, matar direba ta riga ta sulale. Shugaban jami'a ya sami yin jawabinsa a bakin mota, ga mutum kaɗan. Mai Kitso ta koma gidanta ta zauna a dakalin tsakar gida, zanenta jiƙe har gwiwa, tana jiran abin da zai biyo baya.

Bayan la'asar mai walda ya shigo. Bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Jar ƙasa ta ɓata masa gwiwoyin wando da gaban riga har ƙirji, irin ɓacin wanda ya sauka cikin ramin da kansa ya karɓi gawa. Ya tsaya ya dube ta, ita ma ta dube shi, ba ta sunkuyar da kai ba.

Ya ja kujera 'yar tsugunno ya zauna a bakin rariya, ya miƙa hannayensa biyu. Ta ɗan jima, sannan ta tashi ta ɗauko buta. Ta riƙa zuba masa a hankali yana murzawa, jan ruwa na gangarawa ta tsakanin yatsunsa.