Kirsimetin Kaka Madalen

Kakar Lubna ta wajen uwa, Madalen, Kirista ce. Duk safiyar Kirsimeti, in an tashi daga coci a Abena, takan zo gidansu a Gardole da shinkafa da kaza, su karya tare.

Shekarar da Lubna ta cika tara, kakar ta same ta a ƙofar gida da ƙawayenta.

"Jikalle, zo ki karɓe ni!"

Wata ƙawa ta ce, "Wace ce wannan mai gicciye a wuya?"

"Tsohuwar maƙwabciyarmu ce," in ji Lubna.

Kakar ta ji. Da aka zauna ci, ta ba Lubna cinya kamar kullum.

Kafin damina kakar ta rasu. Yanzu 'ya'yan Lubna uku, har yau ba ta iya gaya wa mahaifiyarta abin da ta faɗa ranar ba.