Ta Sauka Lafiya

Talabijin ɗin ɗakin jira can sama aka kafe ta, kusa da silin, cikin kejin ƙarfe, yadda duk mai son kallo sai ya ɗaga wuya kamar kaza tana shan ruwa. Maman Auta ba ta da wuyan ɗagawa. Tun jiya ta kawo autarta asibitin nan da naƙuda, haihuwar fari, ga shi har rana ta take babu abin da ake gaya mata sai "ana dubawa, Mama". Ta zauna a benci har ƙugunta ya mutu, ta tashi ta yi zarya, ta dawo ta sake zama. Ƙofar ɗakin haihuwa tana gabanta, da ɗan gilashin da aka shafe da fenti don kada a leƙa. Duk wani tabo da ke jikin ƙofar nan ta haddace shi.

Mijin Auta direban babbar mota ne, naƙudar ta same shi a hanya da kayan mutane. Yaro ne mai kunya, ko a gida ba ya iya haɗa ido da surukarsa. Yanzu dole ta sa yana bugo waya, ya yi ta jero gaisuwa kamar ba abin da ke damunsa, sai can ƙarshe ya ce, "Mama, ya mai jikin?" Ita kuma ta ce da sauƙi, alhali ita ma ba ta sani ba.

Mai gadi ne ke riƙe da rimot, a aljihun gaba yake ajiye shi, kuma babu mai taɓawa. Da ya ga ɗaki ya cika, fanka tana ta juya iska mai zafi, sai ya kamo wata tasha da ke nuna fim. Wani mai kwat da ya kawo matarsa awo ya naɗa kansa tafinta ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Daga bakinsa aka ji cewa jirgin sama ne cike da mutane, an zuba wa matuƙan wani abu a shayi, kuma wanda ya zuba yana nan zaune cikin fasinjoji, ba a san ko wane ne ba.

Kafin a jima ɗakin jira ya koma wani abu dabam. Wata mata mai ƙaton fulas, wadda ƙanwarta ta riga ta haihu tun safe, sallama kawai suke jira, ita ce kan gaba. Hankalinta kwance yake, don haka tana da tashin hankalin da za ta ba wasu aro.

"Kada ka sha! Bawan Allah, kada ka sha!" Ta dafe ƙirji. "Ya sha. Shi ke nan, ya kashe mu."

"Mai gashin bakin nan ne," in ji mai gadi. "Ni tun da ya shigo na ga idonsa bai kwanta min ba."

"Ai kowa ma idonsa bai kwanta maka ba," mai kwat ya ce. "Ni ma da na shigo sai da ka buɗe min jaka."

Wani tsoho da ke jiran jikarsa ya gyara sandarsa ya ce shi dai ko kyauta aka ba shi kujera ba zai hau abin nan ba. Mota in ta ƙi, sai a gangara gefen titi a buɗe gabanta a duba. To a sama ina gefen titin? Aka yi dariya. Wata daga baya ta tambaya me ya hana su buɗe taga su sha iska, ga mutane suna ta suma. Mai kwat ya juya zai yi mata bayani, aka yi masa caa a kan ya bar surutu ya faɗi abin da ake cewa.

Maman Auta haushi ya cika ta. Mutanen da aka biya suka yi wasansu, suka wanke fuska suka koma gidajensu, su ake ja wa salati, ga 'yarta a bayan ƙofar nan tana fama tun jiya babu mai cewa uffan. Ta san ba laifinsu ba ne, kowa da abin da ya kawo shi, amma gajiya ba ta bar mata wurin yi wa kowa uzuri ba.

Sau ɗaya ta ɗaga kai. A lokacin an tura wata fasinja kujerar matuƙi, wai ta taɓa tuƙa ƙaramin jirgin feshin gona. Matar ta jiƙe sharkaf da gumi, ta ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, wata murya tana yi mata magana a kunne.

"Cewa yake ta ja numfashi," in ji mai kwat. "Wai kada ta saki, ta daure, saura kaɗan."

Maman Auta ta sauke kanta da sauri. Kalmomin nan ta ji su ɗazu ta bayan ƙofa, kuma ba ta son sake jin su daga bakin kowa.

Sai ga ƙofar ta buɗe. Nas ta leƙo, abin rufe hanci a haɓarta, ta miƙo mata wani kwalin allura da babu komai a ciki.

"Mama, irin wannan za ki karɓo a ɗakin magani, da ruwan ƙari. Namu ya ƙare."

"'Yar nan, yaya take?"

"Ana dubawa, Mama. Ki yi sauri dai."

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta taɓa kafaɗar mai fulas. "'Yar uwa, don Allah ki sa min ido. In an samu labari ki riƙe min."

"Je ki, je ki, ina nan," mai fulas ta ce, idonta a sama.

Ɗakin magani yana can ƙarshen wani dogon baranda, bayan wurin ɗaukar hoto. Layi ta tarar. Mai ba da maganin yana aikinsa a natse kamar wanda ke tsince tsakuwa a shinkafa, ga wani a gaba yana gardama a kan ba kalar ƙwayar da ya saba sha ba ce. Ta tsaya, ta jingina da bango, ta sake tsayawa. Barci ya fizge ta a tsaye har kwalin ya faɗi, wata ta ɗauko mata. Da aka zo kanta aka ce ruwan ƙarin sai an ɗauko daga sito. Ta jira wannan ma.

Tana dawowa, tun daga tsakiyar barandar ta jiyo ɗakin jira ya kaure da sowa. Har da tafi. Mai fulas ta faɗo waje, ɗankwali ya zame, tana fifita da hannu, ta hango ta.

"Ta sauka! Wallahi ta sauka lafiya!"

Ledar maganin ta kusa suɓucewa daga hannun Maman Auta. "Ta sauka?"

"Lafiya lau! Kai, mun ga tashin hankali bayan fitarki, har mun fidda rai. Amma yarinyar nan jaruma ce. Kowa lafiya, ko ƙwarzane babu!" Ta juya ta koma ciki da gudu.

Maman Auta ta durƙusa a wurin, a kan tayil ɗin da ke warin maganin wanke ƙasa, tana alhamdulillahi, hawaye yana bin fuskarta. Duk ciwon da ke ƙugunta ta neme shi ta rasa. Ita da ba ta taɓa kiran surukinta da kanta ba, sai ga ta tana lalubo lambarsa.

"Ɗana, ka yi hamdala. Ta sauka lafiya."

Ta ji ƙarar iskar birki, ta ji ya kashe mota. Sannan ta ji wani sauti da ta gane kuka ne yake ƙoƙarin haɗiyewa.

"Mama... Allah ya saka miki. Me aka samu?"

"Ka ga ni ma ban tambaya ba! Bari in shiga, zan kira ka."

Ta shiga ɗakin jira tana share ido da gefen mayafi. Ƙofar ɗakin haihuwa tana rufe yadda ta bar ta. Mutane kuwa duk a tsaye suke, mai gadi yana cewa ai ya faɗa mai gashin baki ne, mai kwat yana cewa ba shi ba ne, ƙaninsa ne. Ta kamo hannun mai fulas.

"Mace ko namiji?"

"Wa?"

"Abin da aka samu."

Mai fulas ta dube ta, ta dubi talabijin, inda ake nuna fasinjoji suna zamewa daga jirgi ana rungume matar nan mai gumi. Bakinta ya buɗe. Ta sa hannu biyu ta rufe shi.

"Innalillahi. Mama, jirgin nake nufi. Matar fim ɗin. Wallahi na sha'afa, na ɗauka..."

Tsoho ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Mai gadi ya zaro rimot ya rage murya, abin da bai yi wa kowa ba tun safe. Maman Auta ta so ta yi faɗa, ta buɗe baki ma, amma babu ƙarfin. Gajiyar da ta ajiye a baranda ta dawo ta hau ta gaba ɗaya, har da ƙari. Wayarta ta fara ruri a hannu. Yayar mijin Auta ce. Ta katse, wata lambar ta shigo.

Nas ta buɗe ƙofa ta karɓi ledar. Ta ga fuskarta, sai ta ce, "Shigo ki gan ta, amma kada ki daɗe."

Auta tana kwance ta gefe, leɓɓanta sun bushe, kitsonta ya jiƙe. Ta zama 'yar ƙarama a kan gadon nan.

"Mama, wa ta haihu? Na ji ana ta murna." Muryarta da kyar take fita. "Kowa sai ya zo ya sauka ya tafi ya bar ni."

Maman Auta ta zauna a bakin gado ta riƙe hannunta. "Wata ce. Ta sha wuya ita ma, har an fidda rai."

"Me ta samu?"

"Jirgi guda, da mutanen ciki."

Auta ta buɗe ido ta dube ta. Da uwar ta gaya mata yadda aka yi, sai ta fara dariya, 'yar siririya, ta farko tun jiya. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ciwon ya taso, ta damƙe wuyan hannun uwarta har farce ya shiga. Nas ta duba, fuskarta ta canza, ta ce a kira likita.

"Mama, fita yanzu."

"Lafiya dai?"

"Ki fita, Mama, don Allah."

Ta fita. An matsa mata wuri a benci, mai fulas ta zuba mata shayi ta ajiye a gefenta ba tare da ta iya kallonta ba. Likita ya wuce da sauri yana sa safar hannu, ƙofar ta rufe a bayansa. Wayar ba ta daina ruri ba, saƙonnin barka suna ta shigowa, labari ya gama dangi. Ta bar su duka ta nemo lambar surukinta. Bugu ɗaya ya ɗauka, muryarsa fal da murna, ana jin abokan tafiyarsa suna tsokanarsa da angon ƙarni.

"Mama! Mace ce ko? Na ce musu mace ce."

Ta runtse ido.

"Ɗana, kana tuƙi ne?"

"A'a, na faka, Mama."

"To kada ka tayar da motar tukuna. Ban ji daidai ba ɗazu. Ba ta sauka ba. Likita ya shiga yanzu."

Hayaniyar da ke bayansa ta ɗauke. Tsakanin ita da shi babu wanda ya katse. Ta riƙe wayar a kunne, tana jin numfashinsa, idonta a kan ƙofar.